Kallon Dorina a Bayan Yashi

Kifin banda nake saye a bakin ruwa, daga Yelwa har Wara, in ɗaure shi cikin kwali in kai Kano. Da wannan sana'a na tashi, da ita na gina gida. A Kano kuwa mai masaukina ɗaya ne tun ina hawa saman kaya a bayan mota: wani dattijo mai rumfa a kasuwa, wanda kowa ke kira Alhaji. A zaurensa nake kwana, a kwanonsa nake cin tuwo, kuma bai taɓa nuna min ya gaji ba.

Wata bazara babban ɗansa, ma'aikacin gwamnati, ya kira ni a waya. Ya ce hawan jinin ido ya kama Alhaji. Ido ɗaya ya riga ya mutu, ɗayan kuma gani yake kamar ta cikin bututu, abin da ke gabansa kaɗai. Likita ya faɗa musu abin da ya tafi ba ya dawowa, ragowar ma ba a san iya zamansa ba. Za su zo ɗaurin aure Kwantagora, kuma Alhaji ya ce tunda sun matso, yana so ya ga dorina da idonsa kafin ƙofar ta rufe. Wuni guda suke da shi, domin akwai ranar asibiti da ke jiransu.

Na ce su taho, wannan ai ƙaramin abu ne. Haka bakin dillali yake, ya amsa kafin ya auna.

Ni ba mutumin ruwa ba ne, a gaɓa nake tsayawa a kawo min kifi. Saboda haka na nemi taubashina, ɗan ƙanwar babana, mai jirgin inji. Tun muna yara bawansa yake kirana, har furfura ta fito mana bai daina ba. Ya ce akwai garken dorina a wata fadama can ƙasa, wajen gefen Ngaski. Da dare suke hawa tudu kiwo, da asuba su dawo su kwanta a ruwa mara zurfi, kowa ya gan su. In rana ta ɗaga, jirage suka fara kai-komo, sai su nutse ko su shige ciyawa.

"Ana sallame Asuba mu tahi," in ji shi. "Ba shayi, ba surutu. Ka ji, bawana?"

Na ce na ji. Amma da yamman nan na zauna na yi abin da a ganina ya dace da baƙo irin Alhaji. Na kira mutanena na tungayen da ke kan hanya, masuntan da nake sayen kifi a hannunsu, na ce gobe zan wuce da maigidana na Kano, wanda kifinsu ke sauka a rumfarsa. Nufina in sun hango jirgin su ɗaga hannu, Alhaji ya san ana ganin girmansa har nan. Na manta a bakin ruwa ba a sanar da baƙo a bar tukunya sanye.

Baƙin suka iso da dare, suka kwana wajenmu. Mun fita da wuri kamar yadda aka tsara, in ban da ɗan tsaikon da Inna, mahaifiyata, ta jawo da ta ce babu baƙon da zai bar gidanta bai sha kunu ba. Muka sa wa Alhaji rigar ruwa a kan babbar riga, ya zama kamar buhun auduga, shi da kansa ya yi dariya. Ruwa ya ja baya sosai a wannan lokaci, gaɓa ta fito fili, an cika ta da shukar albasa da shinkafa. Zalɓe na tsaye a bakin taɓo, agwagin kirinjijiya na tashi garke-garke suna fito. Ɗan Alhaji ya yi ta ɗauka da waya. Muka gifta wata busasshiyar bishiya da ta tsaya cikin ruwa, balbelu sun rufe ta. Alhaji ya juya kansa a hankali har bututun nasa ya faɗa kanta.

"Wa ya shanya wanki a tsakiyar ruwa?"

"Tsuntsaye ne, Alhaji."

"Ikon Allah. To, ido na aiki. Mu je ga babbar."

A tunga ta farko ba hannu suka ɗaga ba. Sun fito gaɓa ne maza da yara, Sarkin ruwan wurin na gaba da rawani, har sun shiga ruwa zuwa gwiwa don su kama jirgi. Taubashina ya dube ni.

"Wanga aikin wa ne?"

Sai ya juya ga Alhaji.

"Baba Alhaji," ya ce, "ka ga bawan nan nawa? Kifi ya sani in ya mutu. Mai rai ko, sai ya buga mai ganga."

Na raɗa wa Alhaji cewa mu gaisa daga cikin jirgi, mu ce sai mun dawo. Ya ce subhanallahi, mutum ya yi rawani da sassafe ya shiga ruwa dominka, ka gaishe shi kana zaune? Muka sauka. An shimfiɗa tabarmi, an kawo farfesun giwan ruwa yana tururi. Aka yi gaisuwa, aka tambayi Kano, aka tambayi hanya, aka tambayi iyali, aka sake tambayar Kano. Ni ina ci ina kallon rana, ta fito ja, ta koma fara.

Tunga ta biyu sun ji ƙarar injinmu a ta farko, sun kuma ga mun tsaya. In muka wuce su, magana ce da za a yi ta yi har shekara ta zagayo, kuma ni zan dawo in tsaya a gabansu. Tuwon shinkafa ne da miyar tarwaɗa. A ta uku an yi rasuwa kwana biyu da suka wuce, mahaifin wani da nake hulɗa da shi, ana zaman makoki. Wannan ko ban kira ba dole ne. Da suka ji baƙon Alhaji ne daga Kano, shi aka miƙa wa addu'a, shi kuwa ba ya gajarta addu'a.

Da muka isa fadamar, hantsi ya wuce, rana ta kusa tsaka. Taubashina ya kashe inji, muka bi da gora. Babu komai sai ciyawa da aka tattake, da wata hanya mai faɗi da aka buɗe cikin gonar shinkafa kamar an ja tirela. Mai gonar na tsaye a ciki, hannu a ƙugu.

"Sannu da aiki. Dorina muke nema, baƙo ne ya zo kallo."

"Kallo?" Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Da kun zo da safe da kun same su nan suna hutawa, sun ƙoshi da gumina. Don Allah in kun gan su ku tafi da su Kanon."

Shi ne ya ce mana in rana ta yi zafi sukan koma wani gurbi mai zurfi a bayan gungun yashi. Gungu tsibiri ne a bakinmu, wannan kuwa yashi ne zalla, wanda ke fitowa in ruwa ya janye. Jirgi ba ya iya zagayawa a lokacin, domin mashigar ta ƙafe. Sai dai a sauka a ratsa da ƙafa.

Ban taɓa taka wurin ba, kuma ban zaci haka yake ba. Iska ta tara yashin tudu-tudu, wani ya fi tsawon mutum, fari fat, ba bishiya ba inuwa. In ka shiga tsakiya ba ka ganin ruwa ko ta ina, sai ka ce an ɗauke ka an ajiye a hamada. Ɗan Alhaji ya manta da shekarunsa, ya hau wani tudu da gudu, ya zamo a kan ɗuwawu, takalmi a hannu, yana ihu yashi ya ƙona shi. Mu kuma muka tsaya muna tunanin yadda dattijo mai ciwon gwiwa zai ratsa.

Akwai bukkokin masunta a bakin gungun, ɗayansu yana da babur da yake tsallakowa da shi cikin jirgi. Muka roƙa, ya ba mu. Ɗan Alhaji ya ce shi zai tuƙa, ai ya yi babur a makaranta. Muka ɗora Alhaji a baya, muka naɗe masa riga a cinya. Sun yi 'yar tafiya lafiya a inda yashi ke da damshi, Alhaji na riƙe da hula yana salati da ƙarfi. Da suka kai tudu na farko tayar baya ta haƙa rami ta zauna. Daga nan har ƙarshe ba tuƙi aka yi ba, turi ne. Ɗan a gaba yana jan kan babur, ni da taubashina a baya, Alhaji a sama. A gangara babur ya ƙwace ya yi gaba, mu bi shi da gudu, a hawa ya nutse.

"Tura, bawana! Ina abincin da ka ci tunga biyu?"

"Kai ma ka ci."

"Ni ban gayyato shi ba."

Alhaji ya ce a sauke shi ya taka, muka ƙi. Ya sa hannu ya kare fuskarsa. Hasken yashin nan ko mai lafiyar ido sai ya runtse, na ga hawaye na bin kuncinsa. Ruwan shanmu ya yi zafi kamar na wanka. Ƙafata ta yi bororo cikin takalmi. Ban taɓa jin nauyin shekaruna kamar ranar ba.

Gurbin yana can, ruwa baƙi-baƙi, shiru. Muka kafa gora biyu, muka ɗaura mayafin da Inna ta rufe kwanon fura da shi, Alhaji ya sami 'yar inuwa. Taubashina ya ja mu baya daga gaɓa, ya ce kada wanda ya matsa, dorina ba saniya ba ce. Muka yi Azahar a nan. Muka zauna. Muka yi La'asar. Babu dorina, ƙudaje kawai. Na san dole mu juya kafin rana ta yi ƙasa, domin ba a bin ruwan nan da duhu, akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashi.

Sai muka ji huci, kamar an buɗe bakin babbar taya. Kai ya fito, kunnuwa biyu ƙanana suna karkaɗawa, hanci, idanu. Can wani ya fito kusa da shi.

"Ga ta! Baba, ga ta can!" in ji ɗan.

"Ina?"

"Can, dama! A'a, dawo kaɗan!"

Gurbin yana yamma da mu. Rana ta riga ta karkata ta kwanta a kan ruwan, duk fuskarsa ta zama kamar kwanon silba. Na durƙusa bayan Alhaji, na ce ya gafarce ni, na kama kansa da hannu biyu na saita shi. Kafin ya daidaita ta nutse. Ta fito a wani wuri, na sake juya shi, ta sake nutsewa. Sau ɗaya babbar ta buɗe baki gaba ɗaya, haƙora kamar turmi da taɓarya, har ɗan ya ja da baya. Na ji wuyan Alhaji ya ƙage a hannuna yana nema.

"Ka gani, Alhaji?"

Da wani ne da ya ce ya gani, don ya sallame mu.

"Haske nake gani," ya ce. "Na dai ji ta."

Taubashina ya duba ko za mu zagaya mu ba rana baya, amma wancan gefen taɓo ne da ciyawa, nan hanyarsu ta fita take. Ya girgiza kai, wannan karon ba tsokana. Ɗan ya kawo waya ya ce ya ɗauka sarai, ya kara wa mahaifinsa a fuska. Alhaji ya ture ta a hankali.

"Wannan ai ko a gida kana nuna min. Ku tashe ni, mu tafi."

Muka sake tura babur ɗin har bakin jirgi. A hanyar dawowa Alhaji ya rufe ido da gefen rawaninsa, bai buɗe ba har Yelwa. Bayan Magariba na ce su ƙara min safiya ɗaya, ba zan kira kowa ba, kafin hantsi mun dawo. Ɗan ya shiga lissafin hanya. Alhaji ya ce ranar asibitin nan da ƙyar aka same ta, ba zai sa yaro ya sake bin layi ba. Ya ce in yi wa mutanen tunga godiya, sun karrama shi fiye da yadda ya cancanta. Ana sallame Asuba motarsu ta tashi.

Ban koma barci ba. Ina da kifi da zan duba a ƙasa, sai na bi taubashina. Ba mu tsaya ko'ina ba. Da muka kai fadamar rana ba ta gama fitowa ba, tana bayanmu, ga su kwance a fili, manya da ƙanana, bayansu na sheƙi, wata 'yar ƙarama ta ɗora haɓa a kan uwarta. Taubashina ya rage inji muka wuce a hankali. Ranar bai kira ni bawa ba.

Ban faɗa wa Alhaji ba. Kafin kaka ɗayan idon ya rufe.