Raƙumin Dawan da Ya Ƙi Yin Hausa

Na sha kunya iri-iri a rayuwata, wasu ma Allah ya taimake ni na manta da su, amma ta wata safiyar Asabar a Riyadh tana nan daram, kuma na san ba za ta bar ni ba har in koma ga Mahaliccina. Abin haushin shi ne ba wanda ya ja mini ita. Ni na gayyato mutane da bakina, na sayo musu kankana, na jera su a falona don su samu wurin kallo mai kyau.

A lokacin na daɗe ina aikin haɗa magani a wani asibiti, muna zaune a unguwar Shifa ni da matata da 'yarmu guda ɗaya. A can aka haife ta, kuma sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa muke kiran ta Ummi. Larabci a bakin yarinyar nan sai ka rantse daga Dira, tsohuwar unguwar Riyadh, kakanninta suka fito, Turanci kuma makaranta ta ba ta. Hausa ce dai ta ƙi zama. Tana tsintar abin da aka faɗa, amma ba ta mayarwa. Duk Juma'a in na kira Hajiya a Kaduna na miƙa mata waya, sai ta ce "Ina wuni, lafiya lau" a numfashi guda, ta miƙo mini wayar kamar tana ƙona ta. Wata rana Hajiya ta ce mini, "Ka ba ta sunana, ka hana ta bakina." Da dariya ta faɗa, amma maganar ta tsaya mini a rai. Hajiya ta manyanta, ƙafa ta fara ba ta wahala, kuma tsoro ya kama ni sosai cewa za ta bar duniya ba su taɓa yin hira da jikarta ba.

Na kafa doka a gida cewa ba Larabci a kan abinci. Dokar ba ta yi nisa ba, domin ni ne na fara karya ta, ranar da na daka wa yarinyar tsawa na ce "yalla, gama mu tafi." Matata ta ɗaga kai ta dube ni, ta ci gaba da cin tuwonta.

Ana nan sai na tuna da wani katun da muke kallo muna yara. Duk safiyar Asabar ake nuna shi, mu taru a gaban talabijin ɗinmu baƙi-da-fari mai ƙofar katako, mu da yaran maƙwabta. Labarin wasu dabbobi ne makaɗa da ke yawo gari-gari a wata tsohuwar mota. Akwai raƙumin dawa mai jita, sunansa Dogo. Akwai dorina mai buga ganguna, da Malam Kunkuru mai busa, da wata akuya zabiya mai suna Delu wadda ba ta rabuwa da masifa. Duk garin da suka shiga sai sun rera waƙarsu: "Mun iso, mun iso, a ba mu koko da ƙosai." Kuma duk da Hausa suke yi, Hausa tatacciya, har da zagi irin na 'yan unguwarmu. Na ce a raina, ai ga maganin matsalata. Yarinyar da ke iya wuni a gaban katun, in ta samu na Hausa mai daɗi irin wannan, ai an gama.

Na ba wani abokina labarin. Injiniya ne Bazazzagi, sa'ana ne, kuma bai iya barin magana ta wuce shi ba. Ya ce, "Dokta, katun na Hausa a wancan zamanin? Wa ya yi shi? Ni ma fa na kalli talabijin." Na ce ƙila a Zariya ba kwa kamo tashar. Ya ce tasha ɗaya ce duk jihar. Na ce to ƙila lokacin kana kiwon awaki. Na ƙara masa da cewa waƙoƙinsu ma masu natsuwa ne, a hankali suke rera su ƙasa-ƙasa, ba irin hayaniyar katun ɗin yanzu ba. Ya ce in na kawo shi ya gani da idonsa, zai tsaya a gaban mutane ya ba ni haƙuri.

Na shiga nema a intanet babu ji babu gani. Wata rana a wurin aiki, lokacin hutun cin abinci, sai ga Dogo a wayata da wuyansa da jitarsa. Wani bawan Allah ne ya ɗora daga tsohon kaset, hoton duk ya dushe, kuma a kusurwa ga tambarin gidan talabijin ɗinmu na gida. Wayar a kashe sautinta yake saboda dokar wurin aiki. Ina ganin motar nan ta taso, idona ya kawo ruwa, har abokin aikina Basudane ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Nan take na rufe. Na yanke shawara ba zan saurara ba sai tare da Ummi, don mu ji a lokaci guda. Yau in na tuna wannan shawara sai in ce, da ma na danna sautin nan ko na daƙiƙa kaɗan ne.

Ranar Juma'a da la'asar na tafi kasuwar Aziziya na ciko bayan mota da kankana da lemo da ayaba, kai ka ce suna za a yi. Na sa matata ta jiƙa wake, domin na ce wannan katun ba a kallon sa sai da koko da ƙosai. Ta ce, "Ka dai kalla tukuna kafin ka tara mutane." Na ce mata abin da na kalla tun ba a haife ta ba, ba sai na sake dubawa ba. Na kira injiniya da iyalinsa, na ƙara da wani maƙwabcinmu direba da yaransa, don a samu shaidu.

Da safiyar Asabar falo ya cika. Yara a ƙasa, manya a kujeru, mata suna leƙowa daga ƙofar kicin. Na sa kaftanina da hula, na tsaya a gaban talabijin na yi jawabi. E, jawabi na yi. Na yi magana a kan harshen uwa, da yadda muka taso da tarbiyya, da yadda yaran yanzu suka yi asara. Na rera musu "Mun iso, mun iso" har da rausaya. Na juya ga Ummi na ce, "Yau za ki ji Hausar gaske." Sannan na ƙure murya na danna.

Wani irin kiɗa ya fashe a falon nan, mai ƙara, da ihu da tafi, har jaririn direba ya firgita. Waƙar kuwa Turanci ce zalla. Na ce, "Ku dakata, buɗewa ce, Hausar na zuwa." Aka gama waƙa, mota ta tsaya, Dogo ya sauko da wuyansa ya buɗe baki, ya zubo Turanci ta hanci irin wanda ni kaina sai na kasa kunne nake kamawa. Delu ta amsa masa da nata. Na tura gaba, Turanci. Na koma baya, Turanci.

Ummi ta juyo ta ce, "Baba, hada Inglizi." Wato ni take sanar wa cewa Turanci ne, ko da ban lura ba. Ta ci gaba da yi mini bayani da Larabci cewa ba sunansa Dogo ba, kuma ba abinci suke nema ba, gasar kiɗa za su je. Injiniya ya ajiye kofin kokonsa a hankali don kada ya zube, ya kwanta a jikin kujera ya fara dariya marar sauti, kafaɗunsa kawai ke rawa. Direba mutum ne mai kawaici, sai ya sunkuyar da kai yana nazarin ƙosai.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na ce kaset ɗin ne ba daidai ba, kuma ina da shaida. Na ɗauki waya na kira Yayana a Kaduna, wanda ya girme ni sosai, kira na bidiyo, na buɗe murya kowa na ji. Na same shi a shagonsa na ɗinki, da tabarau a kan hanci. Ko gaisuwar kirki ban bari mun gama ba na ce, "Yaya, don Allah gaya wa mutanen nan. Katun ɗin Dogo da Delu, da wane harshe suke magana?"

Ya ƙura mini ido. Sai ya cire tabarau ya ce, "Kai, da gaske kake?" Na ce da gaske nake. Ya fashe da dariya har ya ɓace daga hoton, sai rufin shago muke gani. Da ya dawo yana share hawaye ya ce, "Ai ni ne Dogo. Ni ne Delu. Ni ne duka. Ka manta Baba aikin dare yake yi a masaƙa? Safiyar Asabar barci yake, ya ce in ya ji ƙarar talabijin sai ya kulle ta. Sai in kashe sautin in tsuguna a bayanku in riƙa yi muku maganarsu. In ban yi ba kuka kake fara yi, ka tashe shi, a dake ni."

Na ce da muryar da ni kaina ban gane ta ba, "To waƙar fa?" Ya ce, "Yunwa nake ji, Hajiya ba ta gama koko ba."

Injiniya ya zamo daga kujera zuwa ƙasa. Ya ɗago da ƙyar ya ce, "Shi ya sa suke waƙa ƙasa-ƙasa, Dokta! Masu natsuwa!" Matata ta koma cikin kicin, amma ina jin ta. Ni kuwa ina tsaye da kaftani da hula da waya a hannu, mutum mai furfura a gemu, wanda ya yi shekara da shekaru yana yawo da imanin cewa akwai raƙumin dawa Bahaushe. Kunya ta rufe ni har na ji zufa tana bin bayana, ga na'urar sanyaya ɗaki tana aiki.

Yaya ne ya cece ni, kamar yadda ya saba. Ya ce, "Kashe sautin, ka juya wayar in ga talabijin ɗin." Na yi yadda ya ce. Ya gyara murya, ya sauke ta ƙasa-ƙasa, sai ga Dogo ya dawo. Wallahi shi ne, muryar nan ce da na sani. Dogo ya ce wa dorina ta matsa ta cika mota, dorina ta ce ba ita ta ce a sayi ƙaramar mota ba. Delu ta ce duk wanda ya taɓa mata ɗankwali sai ta tara masa jama'a. Yaran suka matso kusa da wayar don su ji. Suka fara dariya, ta katun ɗin yanzu, ba tawa ba. Ni kuma na zauna a ƙasa a bayansu, ina tunanin yaron da ya riƙa tsugunawa duk Asabar yana raɗa don ƙaninsa ya yi shiru mahaifinsu ya samu barci.

Can Malam Kunkuru ya shige cikin ƙoƙon bayansa ya ƙi fitowa. Ummi ta karɓe wayar daga hannuna ta juyo da ita, ta ce, "Baffa, don me kunkuru ta ɓoye?" Ta mai da shi mace, kuma lafazin duk na Larabawa ne, amma tambaya ce cikakkiya, da Hausa, ba wanda ya sa ta. Yaya bai gyara mata ba. Ya ce, "Tusa ya yi, kunya yake ji." Ta yi dariya har ta faɗi a kan kafet, ta tashi ta sake jefa masa wata tambayar.

Injiniya bai ba ni haƙuri ba, kuma har yau in mun haɗu a masallaci sai ya raɗa mini "mun iso." Amma daga ranar, safiyar Asabar ta zama tamu. In Yaya yana da sarari shi yake yi, in ba shi da shi ni nake yi, ko da yake Ummi ta gaya mini a fili cewa ban kai Baffa ba. Daga baya ta ƙwace Delu ta ce ita za ta riƙa yin ta, kuma masifar ta zauna mata fiye da yadda nake so.

Bayan wasu watanni, wata Juma'a na kira Hajiya na miƙa wa Ummi waya, na tsaya a gefe ina jiran a dawo mini da ita kamar kullum. Ba a dawo da ita ba. Na ji tana ba Hajiya labarin yadda dorina ta fasa ganga, tana tuntuɓe tana tashi, Hajiya tana cewa "To, sai aka yi yaya?" Na matsa don in taimaka mata da wata kalma, sai Hajiya ta ce, "Kai, ba mu wuri, hira muke." Na fita baranda na tsaya a cikin zafin nan, ina murna ina goge ido.

Abin da na koya shi ne, na yi ta neman akwatin da zai koya wa 'yata Hausa saboda na ɗauka ni ma akwati ne ya koya mini. Ashe mutum ne ya zauna kusa da ni ya ɓata lokacinsa. Yaro ba ya ɗaukar harshe don an yi masa doka ko jawabi, sai in akwai wanda yake jin daɗin magana da shi a cikin harshen. Na kuma koyi cewa kafin in tara mutane a kan abin da na tuna tun ina ƙarami, in fara kiran Yaya, ni kaɗai, ƙofa a rufe.