Saƙon Arba'in da Na Aika wa Masu Sayen Sabulu

Gwaggona, yayar mahaifina, sabulun salo da man kaɗanya take sayarwa tun kafin a haife ni. Gidanta yana cikin tsohon Zango na Kumasi, bayan masallacin unguwarmu, kuma ɗakuna biyu na gaba ba a kwana a cikinsu, kaya ne har rufi. Da can matan Bantama da na Ashanti New Town ne ke zuwa da kwanduna su sara. Daga baya wata ƙawarta da ta yi aure a Turai ta fara kai wa masu ƙananan shaguna a can, su kuma suka gaya wa wasu, har babban ɗanta, wanda muke kira Yaya, ya sa aka buɗe mata shafin intanet. Mutum zai shiga ya zaɓi kwali nawa yake so, ya biya. Bayan ya biya kuma shiru. Sai ya rubuto yana tambaya ko an ga odarsa, ko an ɗaure kayan, ko sun tashi, babu mai amsawa da wuri, domin Yaya rabin wata yana arewa wajen matan da ke yin man.

Ina shekara ta uku a jami'a lokacin da Gwaggo ta aika a kira ni. Ta ce ta ji akwai yadda ake yi kwamfuta ta riƙa amsa wa mutane da kanta. In na gyara mata wannan, in ji ta, ɓangaren masu saye na ƙasar waje nawa ne idan na gama karatu, ba sai na tafi Accra ina yawo da takardu ba. Ban nuna mata yadda maganar ta shige ni ba. Ni mutum ce da ko a trotro, motar haya, ba na iya ɗaga murya in ce a sauke ni, sau da yawa sai na wuce tashata in dawo a ƙafa. Tunanin zama gaban baƙi suna yi mini tambayoyin ɗaukar aiki kawai yana firgita ni. Ga aikin da zan yi a ɗaki, da rubutu, cikin 'yan'uwana. Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so shi ba.

Abin da ake bukata shi ne kamfanin da za a haɗa da shafin, ya riƙa tura imel da kansa duk lokacin da wani ya saya ko aka ɗora kayansa. Irin waɗannan kamfanoni suna da yawa. Na tace su har suka rage uku, na yi mako uku ina gwada su tsakanin darasi da darasi. Na buɗe adireshin imel iri-iri, na riƙa saye na ƙarya a shafin, ina duba agogo. Na farko kyauta ne, amma saƙonninsa rabi a kwandon tarkace suke sauka, inda ba mai dubawa. Na biyu yana da ado, launi da hotuna da komai, sai dai akwai ranar da na tura gwaji kafin in shiga mota a ƙofar makaranta, bai iso ba sai da na isa gida na ci abinci. Na uku ba shi da ado ko kaɗan. Kafin in ɗaga yatsa saƙo ya shiga, kuma a babban akwati yake sauka kowane lokaci.

Na karanta sharuɗɗansu duka, har ƙananan rubutun da kowa ke tsallakewa. A nan na gane dalilin saurin na ukun. Saƙon ciniki kaɗai suke ɗauka, wato wanda mutum yake jira saboda ya sayi abu. Sanarwa ko talla da za a watsa wa jama'a ba sa ɗauka, sun hana. In mutane suka yi ƙorafi, za su rufe asusun, kuma ba dole su sake buɗewa ba. Na ga wannan daidai ne. Mu ma ciniki kawai muke so.

Ranar da na je yi wa Gwaggo bayani tana zaune a tsakar gida tana yanka sabulu, Yaya yana gefe yana cin wake da shinkafa. Na fara daga farko, yadda na tsara, na farko da aibinsa, na biyu da jinkirinsa. Ban kai ga sharuɗɗan na uku ba Yaya ya ajiye cokali.

"Farfesa, don Allah a taƙaice. Wanne ne mai kyau?"

"Na ukun, Yaya. Amma akwai..."

"To shi ke nan, na ukun. Gwaggonki sabulu take sayarwa, ba jarrabawa za ta zauna ba."

Gwaggo ta yi dariya, matan da ke naɗe sabulu suka taya ta. Na haɗiye sauran maganar, na ce a raina wata rana zan faɗa, ba gaggawa.

Aiki ya yi kyau wata da watanni. Gwaggo ta sa na karanta mata saƙon da ke fita, ta ce ya bushe, ba gaisuwa ba komai, kamar takardar kotu. Na ƙara layi ɗaya a sama mai tambayar lafiyar mutum da iyalinsa. Tambayoyin da ke taruwa suka ragu sosai. Ta ba ni tebur a lungun ɗakin kaya, kuma in baƙi suka zo takan nuna ni ta ce wannan ce mai magana da Turawa. Nakan sunkuyar da kai, amma ina jin daɗi.

Sai mijinta ya rasu. Ciwo ne na 'yan kwanaki. Gwaggo ta shiga takaba, gidan ya cika da masu ta'aziyya daga ko'ina, har da matan Asante da suka shekara talatin suna saye a hannunta, suka zo da baƙaƙen zannuwansu suka zauna a tabarma tare da mu.

A Zango rasuwa ba a ɓoye wa wanda kuka taɓa hulɗa da shi. Wanda ka taɓa saye a wurinsa, wanda ya taɓa saye a wurinka, direban da ya taɓa ɗaukar maka kaya, duk sai an sanar da su. In mutum ya ji daga baya a bakin wani, yana iya riƙe ka da shi shekaru, kuma kowa zai ba shi gaskiya. Da sadakar arba'in ta matso, Yaya ya zo teburina da hoton marigayin a wayarsa. Ya ce Gwaggo ta ce a tura sanarwa ga duk wanda sunansa yake cikin kwamfuta.

Na ce masa kamfanin ba ya yarda da irin wannan. Ya dube ni kamar na zagi gawar.

"Ba ya yarda a ce mutum ya mutu?"

Na fara bayani, harshena yana sarƙewa. Ya ce shi ba zai kai wa uwarsa wannan maganar ba, in ina da ƙarfin hali in shiga in faɗa mata da kaina.

Na shiga. Tana zaune a ƙasa da carbi, ta rame, mata biyar ko shida kewaye da ita. Na durƙusa na gaishe ta. Kafin in buɗe baki ta riga ni.

"'Yata, kin tura? Ko sabulu ɗaya mutum ya taɓa saye, ya ji. Da kuɗinsu muka yi jinyarsa. Kada gobe a ce mun ci cinikinsu mun ɓoye musu mutuwarmu."

Duk matan suka juyo suna kallona. Na ce, "To, Gwaggo."

Na san abin da ya kamata in yi, shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Da na ware tsofaffin masu shagunan da suka san ta da suna, in rubuta musu ɗaya bayan ɗaya daga adireshina, da ba abin da ya faru. Amma na san za ta tambaye ni ko kowa ya samu, ni kuma ban iya ƙarya ba, ban kuma iya gardama ba. Yaya yana tsaye a kaina yana cewa in saka hoton ya fito babba. Bayan azahar na danna, sanarwar ta tafi da Larabci da Hausa da Turanci, da hoton dattijo cikin farar riga, zuwa ga mutanen da yawancinsu sun sayi sabulu ɗaya tak shekara biyu da suka wuce, ba su san ko a wace ƙasa Kumasi take ba.

Kwana biyu aka yi aka rufe asusun namu. Mutane da yawa sun ga baƙon saƙo da hoton mamaci, sun danna cewa tarkace ne. Lokacin kuwa ƙarshen shekara ne, lokacin da shagunan Turai ke yin manyan oda. Mutum ya biya, shiru. An ɗora kaya, shiru. Wasu suka ɗauka shafin na 'yan damfara ne, suka soke. Wata mai shago da ta fi kowa saye ta koma wani wuri ba ta ko yi sallama ba.

Na rubuta wa kamfanin doguwar wasiƙa, na bayyana musu al'adarmu, na ba da haƙuri. Suka amsa da ladabi, suka yi mana ta'aziyya, suka kwafo mini sharaɗin nan da na riga na haddace. Na yi sauri na koma kamfani na biyu, sai na tarar sunan shafinmu ya riga ya ɓaci a wurin masu tace imel. Ko ta ina saƙonmu ya fita, kwandon tarkace yake faɗawa.

Cikin duk waɗanda aka tura wa, wata tsohuwa ɗaya ce ta amsa. Ta ce ita ma mijinta ya rasu bara, ta san yadda gida ke yin shiru. Gwaggo ta sa na fassara mata wannan saƙon sau uku a rana ɗaya, tana share hawaye. A wurinta wannan ya isa hujja cewa abin da ta sa aka yi daidai ne. Ni ma, a gaskiya, ban iya cewa ta yi laifi ba.

Saboda haka laifin ya zama na wanda ya zaɓi kamfanin. Bayan ta fita takaba ta kira ni, Yaya yana wurin, da wani abokinsa mai gyaran waya a kasuwar Kejetia wanda ya ce ya san wani kamfani da ake tura komai da komai ba mai tambaya. Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

"Kin yi ƙoƙari, 'yata. Amma mako uku kina bincike, ki rasa wanda za ki ɗauko mana sai waɗanda ba su san mutuwa ba? Kin san haka suke?"

Nan ne ya kamata in ce na sani, na fara faɗa aka katse ni, na sake zuwa in faɗa na tarar da ita cikin takaba. Yaya yana kallon wayarsa. Bai manta ba, na gani a fuskarsa, amma bai ɗago ba.

Na ce, "Na sani, Gwaggo."

"Kin sani kika yi shiru."

Sai ta ce in ba abokin Yaya lambobin sirrin. Na rubuta masa su a takarda, kowanne da bayanin inda yake shiga, domin kada ya ruɗe. Ya karɓa ya cusa a aljihun baya bai duba ba.

Ba a sake yi mini maganar ɓangaren ƙasar waje ba, ni ma ban tayar ba. Na gama jami'a bana. Jiya na kai takarduna ofishi na huɗu, na zauna a benci tare da masu jira, ina maimaita a raina abin da zan ce in an kira ni.