Mazarin Kaka a Mu'aither

Wata uku Kaka ta yi da mu a Doha, ina ɗan shekara tara, kuma na san abin da ya kawo ta: so take Baba ya koma Funtuwa. Amma Baba ɗan farinta ne. Ko sunansa ba ta faɗa, balle ta dube shi ta roƙe shi.

Bayan magariba mukan hau saman benenmu a unguwar Mu'aither, ta hura gawayi a kasko, ta ɗauko mazarinta tana kaɗi. Baba, da yake masanin kimiyya ne, na gefe da kwamfuta, yana duba sakamakon gwajin da ake turo masa daga Turai. Rannan ta ce da ni, "Maigida, tambayo min shi, me yake kallo haka?"

Baba ya ce a tsakiyar kowace zarra akwai ƙwayoyi cunkushe. Sai a harba musu ilektoron, wato 'yan mitsitsin ƙwayoyin lantarki, masu juyi gefe ɗaya, kamar mazarin nan, a tunkuɗo ƙwaya ɗaya waje. Daga yadda ta fito tana juyi ake gane irin zaman da ta yi a ciki.

Kashegari, wallahi, abin ya zama tatsuniya a bakin Kaka! "Ga ta nan, ta biyo ni har ƙasar Larabawa." Wai wani gida ne marar ƙofa, 'yan'uwa goma sha biyu a ciki, kafaɗa da kafaɗa. Sai baƙo ya faɗo yana juyi, ya bangaje ɗaya waje. Masana suka taru suna auna wanda ya fita, ba wanda ya leƙa gidan.

Nan ta tsaya, ta ƙi cewa ƙurunƙus. "Maigida, tambayo min shi, wanda ya fita yana komawa?"

Allah sarki Baba, ya ɗauka ilimi ake nema. "Ba ya komawa. Abin da ya rage ma ya zama wata zarra daban, har suna ake sake mata."

Mazarin ya tsaya. Ta ce, "To, madalla," ta naɗe zarenta.

Bayan shekara biyu muka je Funtuwa, gaisuwar rasuwarta ce ta kai mu. Baba ya daɗe tsaye a ƙofar ɗakinta, sannan ya ce, "Ashe ba zarra take tambaya ba."

Har yau ina kewar ƙamshin gawayin nan da muryarta. Abin da ke cin raina shi ne, ni na gane tun a saman benen. Ni ta aika, ban isar da saƙon ba.