Gazali da Foldar Zumunci

Duk wanda ya taɓa buga katin biki a Ƙofar Dundaye ya san Gazali, mutumin kirki mai riƙon zumunci, wanda ya shekara bai ce wa wansa uffan ba alhali shagonsu ɗaya.

Shi ke tsara kati a kwamfutar bakin ƙofa. Wan nasa, Mu'az, yana can ƙurya da tasa kwamfutar, mai haɗe da injin bugawa. Kan fanka suka ɓata: guda ce, kowa na so ta fuskance shi. A zafin Sakkwato wannan ba ƙaramar shari'a ba ce.

Filashin da suke kai aiki da shi daga kwamfuta zuwa kwamfuta ne ya hana gabar tasu cika. Dole Gazali ya tashi ya miƙa, Mu'az ya karɓa, wani lokaci har baki ya suɓuce a ce "ungo". Wannan kusanci ya dami Gazali, sai ya kira Saifullah mai gyaran kwamfuta. Saifullah ya ja waya ta jikin bango, ya buɗe folda guda wadda kwamfutocin biyu ke gani.

"Duk abin da ka aje ciki, nan take yaya zai gani," in ji Saifullah.

"Ba sai na tashi ba?"

"Ko waiwaye ba sai ka yi ba."

Gazali ya ce lallai ilimi rahama ne.

Bai daɗe ba ya gano sunan fayil ma na ɗaukar magana. Ya ajiye aiki da suna "Katin Alhaji Tukur, a buga in an gama barci". Mu'az ya canza shi zuwa "An buga, mai tsarawa ya koyi rubuta Tukur". Tun suna yara ba su taɓa hira mai tsawo haka ba. Da matar Gazali ta haihu, ya buɗe folda ba komai ciki, ya sa mata "An samu namiji". Mu'az ya buɗe wata a cikinta: "Allah shi raya".

Wata Laraba Gazali ya zuba aiki, shiru. Ya sake wa fayil suna, ya ƙara masa yaji, shiru. Har azahar yana gasa maganganu, yana jin daɗin ya kashe bakin wansa. Sai Sa'ad tela, maƙwabcinsu, ya leƙo.

"Ya jikin Mu'az? An ce tun asuba aka kai shi asibiti."

Gazali ya waiwaya. Kujera ce kawai.

Ya tarar da wansa kwance ana ƙara masa ruwa, zazzaɓi ya kayar da shi. Babu folda a ɗakin, dole ya yi amfani da baki.

"Sannu, yaya."

"Wa ka bar wa injin?" in ji Mu'az.

Mu'az ya warke ya dawo, kuma Gazali ya ɗauki darasi sosai. Yanzu kowace safiya sai ya waiwaya ya tabbatar akwai mutum a kujerar, sannan ya fara rubuta masa baƙar magana.