Manjo da Karen Tsohuwa Mai Awaki

Tun da rigimar karen maƙwabciyata ta tashi a unguwarmu a Gumel, nake yawan mafarkin Iya Tabawa, kakata ta wajen uba. Jama'a sun ce ko a fitar da karen daga unguwa ko a harbe shi, ita kuwa mai shi, Mama Saratu, ba ta da kowa a gidan sai shi. In na kwanta ina juya maganar, sai in ji ƙamshin hayaƙin kara, in ganni ɗan yaro a ƙauyenmu can gefen Ɗanzomo.

Da kakar zoɓo muka fi samun Iya. Bayan an ci tuwo, akan zube zoɓon da aka yanko a tsakar gida, a hura wuta da karan gero, kowa ya ja ƙwarya a hau ɓara. Yatsu su yi ja, ƙaiƙayi ya hana mu sakat. Iya ta san in ba ta saye mu da tatsuniya ba, ɗaya bayan ɗaya za mu sulale. In jajibirin kasuwar Maigatari ne, ana jiyo gurnanin manyan motoci can nesa, haskensu ya ɗan taɓa kan bishiyoyi ya wuce. Ni a lokacin na ɗauka inda motocin nan suke zuwa, can mutanen tatsuniya suke zaune.

"Angona, matso kusa," in ji Iya. "Ragon miji, ko ƙwayar gyaɗa bai taɓa kawo wa amarya ba." Sai ta gyara zama ta ce, "Ga wata baƙuwa ta taso daga gabas, wa zai ba ta masauki?" Mu kuma mu haɗa baki mu ce ta sauka a kunnenmu.

Wai wata karya ce ta haihu a ƙarƙashin rumbu, 'ya'ya biyu kamar an tsaga kara. Wani falke ya ɗauki ɗaya, wata tsohuwa mai kiwon awaki ta ɗauki ɗaya. Falke so yake ya mallaki karen da ko kura za ta ji shakkarsa, sai ya yi abin da masu son kare mai zafi kan yi: ya samo rina ya daka, ya riƙa zuba masa a tuwo. Ya ɗaure shi a ɗaki mai duhu, ko suna bai raɗa masa ba. Tsohuwa kuwa ta sa wa nata Ƙyale-su. In ta ci ɗumame ta rage masa, ya kwana cikin awaki.

Ana nan, karen falke ya tsinke igiya ya yi wa wani baƙo kaca-kaca a bakin rijiya. Gari ya ɗauka, aka ce jinin uwar ne ba shi da kyau, duk abin da ta haifa a kashe. Aka gama da na falke, aka nufi gidan tsohuwa da sanduna.

A nan Iya kan ajiye zoɓon hannunta, ta maƙale murya ta koma tsohuwar. "Sannunku da zuwa, samari. Kafin ku kashe shi, ƙarfafan cikinku ya riƙe min igiyar nan." Wani ƙato ya riƙe. Tsohuwa ta nuna daji ta ce, "Kura!" Ƙyale-su ya zabura, ya ja ƙaton nan rub da ciki har cikin ƙarangiya. Ta ce, "Kwanta," ya kwanta. "To kun gani. Haƙorinsa irin na ɗan'uwansa ne, ƙarfinsa ma haka. Ni dai ban ba shi rina ba."

A wurinmu yara, nan tatsuniya ta ƙare, don muna can muna birgima saboda ƙato da ƙarangiya. Amma akwai ɗan guntun da Iya kan ƙarasa a hankali, lokacin da wuta ta koma garwashi, barci ya fara fizgarmu. Wai mutane sun juya za su tafi, sai wani makaho daga bayan taro ya ce, "Baba, mun ji yana jin maganarki. Ran da babu ke fa?" Daga ranar, kullum da yamma tsohuwa takan tsaya a ƙofar gida da kaskon abincin kare, duk wanda ya zo wucewa ta roƙe shi ya miƙa masa, har sai da Ƙyale-su ya san muryar kowa a garin.

Na taɓa tambayarta wa ya fi gaskiya, mutanen gari ko tsohuwa. Ta dungure min kai ta ce, "Sarkin tambaya. In ka yi gemu, kai za ka zo ka gaya min." Allah ya ji ƙanta, ta rasu kafin gemun ya tsiro.

Mama Saratu mutuniyar Filato ce, ta yi aikin jinya a nan har ta yi ritaya, kuma da yawa cikin yaran unguwarmu a hannunta aka haife su. Marigayi mijinta ne ya sayo karen, irin manyan nan na Turai, baƙi mai ja a baki, kai kamar turmi, ya sa masa Manjo. Bai taɓa cizon kowa ba. Sai ga wani bidiyo ya zagaya wayoyi, wai irinsa ya halaka yaro a wani gari mai nisa. Unguwa ta rabu biyu a gaban mai unguwa. Wasu suka ce wannan iri kisa ne a jininsa, ba abin ajiyewa cikin mutane ba ne. Wasu suka ce tun da aka kawo shi ba a sake haura katangar kowa ba a layinmu. Ni na shiga tsaka mai wuya: ina jin nauyin Mama, ga kuma 'yata ta ƙofarta take bi kullum zuwa Islamiyya.

Ina yaro na ɗauka darasin Iya shi ne, kare abin da ka ba shi ya ci shi zai zama. Da shi na yi niyyar kare Mama. Amma da na ga yadda take dafa bango saboda ciwon gwiwa, sai maganar makahon nan ta faɗo min. Na je na same ta, na ce, "Mama, na san Manjo ba mugu ba ne. Amma ke kaɗai yake ji. Ran da babu ke fa?" Ranta ya ɓaci, ta ce, "Malam Sabo, har da kai?" Ta daɗe tana kallon karen. Can ta ɗauko kwanon abincinsa ta miƙo min, ta ce, "To ai sai ka fara."

Ni da ko ɗan kwikwiyo na gani nake canza hanya! Haka na riƙa zuwa kowace yamma, in miƙa kwano in kira sunansa, in koma gida in yi ta wanke hannu. Abokaina a kasuwar riɗi suka laƙaba min Sarkin Karnuka. Mai unguwa ya yarda a bar Manjo, da sharaɗin a ƙara tsawon katanga, kuma kada ya fito sai da igiya.

Ranar kuwa ta zo. Mama ta yanke jiki ta faɗi, aka ɗauke ta a mota cikin gaggawa, aka manta ƙofa a buɗe, daidai lokacin da yara ke dawowa daga makaranta. Manjo ya fito tsakiyar layi, yara suka tsaya cak, 'yata na cikinsu. Na ce, "Manjo, kwanta." Bai ko dube ni ba, hanyar da motar ta bi yake kallo. Na sake faɗa. Ya juyo a hankali, ya zo ya kwanta kusa da ƙafata.

Har yau ba zan ce wa kowa irin wannan kare ba shi da haɗari ba. Na ji ƙarfinsa a igiya, na san in ya ƙi, ba hannuna ne zai tsare shi ba. Abin da na gane shi ne, masu tsoro suna da gaskiyarsu, mai ƙauna ma tana da tata, kuma ba a raba gardamar sai wani ya yarda ya ɗauki kwano.

Mama tana wurin 'yarta a Jos tana jinya, likitoci ba su ce komai ba game da dawowarta. Takan kira ni da yamma, maganarta na fita da ƙyar. Ba ta tambayar gida, ba ta tambayar unguwa, sai ta ce, "Malam Sabo, ya ci?" In ce, "Ya ci, Mama."