Hancin Kawu Otari

A ƙauyenmu da ke yankin Kaheti, idan sanyi ya wuce, babu mai buɗe randar giyar inabin da ya binne a ƙasa sai ya kira Kawu Otari. Abin da tsohon nan ya ce game da giyarka, shi ne darajarka a shekarar.

Shi ya koya min ɗanɗano. "Toshe hancinka ka kurɓa," ya ce. "Me ka ji?"

"Tsami kawai, Kawu."

"To, saki." Sai ga ƙamshin zuma da busasshiyar tuffa ya taso min. "Ka gani, sakarai? Harshe ɗan dako ne, hanci ne mai kaya."

Duk inda ya je matarsa Lamara na gefensa, kuma ita ke fara kurɓa. "Kar ku kashe min tsoho," take cewa. Mijin-ta-ce muke kiransa, shi kuwa ko a jikinsa.

Lamara ta rasu cikin sanyin bara. Ranar buɗe randata ya zo shi kaɗai. Ya kurɓa, ya waiga gefensa inda takan tsaya. "Ta yi kyau," ya ce.

Na shinshina, warin fumfuna ya doke ni. Na raka shi gida, a hanya ya faɗa min sirrinsa da kansa. Shekara goma sha shida ke nan da ya faɗo daga tsani, hancinsa ya mutu. Tun daga ranar Lamara ce hancinsa. In giya ta yi kyau ta goge baki da bayan hannu, in ta lalace ta gyara ɗankwali.

Ya kai ni ga randarsu ta ƙarshe, wadda ita ta zaɓi inabinta tana fama da ciwo. Ya ɗebo ya miƙa min.

"Kar ka ce komai, ɗana. Yi min yadda take yi."

Na kurɓa. Fumfuna ce zalla, ashe ciwo bai bar ta ta wanke randar yadda ta saba ba. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba. Na goge bakina da bayan hannu.

"Na sani," ya ce, hawaye na bin gemunsa. "Ba ta taɓa kuskure ba."