Makkar da Nake Ɗauke wa Inna Ranar Asabar

Gidanmu na Gaya ɗaki uku ne masu talabijin: nawa, na ƙanena da matarsa, sai na Inna, mahaifiyarmu, can ƙuryar gida kusa da rumbu. A shekarun da nake magana a kai, dish ɗaya ne a kan rufin ɗakina, risiba kuma, wato akwatin da ke kamo tashoshi, ɗaya tal, tana kan tebur a gefen gadona. Daga bayanta waya ta fita, ta bi katanga, ta shiga sauran ɗakunan biyu. Duk tashar da na kama, ita kowa zai gani a ɗakinsa. Rimot yana hannuna ni kaɗai.

Ni ne babba a gidan tun rasuwar Baba. Karatuna bai yi nisa ba, daga aji uku na sakandare na dawo kasuwa ina sayar da iri da maganin feshi, da damina kuma in yi noma a gonarmu ta wajen Balan. Na faɗi haka ne don a san ba masani ba ne yake wannan rubutu. Akwai aikin da na yi a gidan nan wanda nake alfahari da shi har gobe, amma ba zan iya ba da labarinsa ba sai na fara da laifina.

Inna tasha ɗaya take kallo a duniya, wadda ke nuna Ka'aba dare da rana. Ba ta taɓa zuwa can ba, kuma ƙafafunta sun yi nauyin da ita kanta ta daina zancen zuwa. Magaribar Makka tana riskar mu a nan bayan la'asar. Idan ta idar da sallarta sai ta zauna a kan tabarma da carbi a hannu, ta jira liman ya tada kabbara. Wannan ne lokacinta a duk yini. Matsalar ita ce, ranar Asabar a daidai wannan lokaci ake buga ƙwallon Turai.

Ina tune da ranar farko da na canza mata tasha. Ban yi minti biyu ba na ji muryarta daga ƙurya. Ba ta kiran sunana, kasancewar ni ne ɗan fari, sai dai ta ce “kai”.

“Kai! Zo ka ga ikon Allah. Mutanen nan sun ɗauke Makka sun sako 'yan ƙwallo.”

Na leƙa ɗakin. Da a ranar na ce mata ni ne, da ta yi faɗa na yini ɗaya an wuce wurin. Sai na ji bakina ya ce, “Haka suke yi, Inna. Daga can ne.”

“Daga can? To, Allah ya shirye su.”

Na koma na ci gaba da kallona. Kusan shekara biyu muka yi a haka. Duk Asabar Makka ta ɗauke, duk Asabar Inna ta yi wa masu tashar addu'ar shiriya, ta kashe talabijin ɗinta ta ci gaba da jan carbi. Matata ta sha yi mini magana.

“Baban yara, ka ji tsoron Allah. Tsohuwa tana can tana roƙa wa Larabawa shiriya, mai laifin yana nan ya miƙe ƙafa yana cin gyaɗa.”

Nakan ce mata awa biyu ce kawai a sati guda, ai ba komai ba ne.

Sai aka yi haihuwa a gidan ƙanwar Inna a Toranke, ta wajen Ajingi. Na ɗauko mata adaidaita aka kai ta suna, ta yi kwana goma. Ranar da ta dawo, ina taya ta shigar da kaya, ta ce, “A Toranke Makkarsu ba ta ɗaukewa. Asabar biyu na yi a can.”

“Nasu dish ɗin ya fi namu girma ne, Inna.”

Ta dube ni na ɗan lokaci, sannan ta ce in ajiye mata ƙwaryarta a kan gado.

Maganar ta tsaya mini a rai. Kashegari na je shagon wani mai sayar da kayan dish a bakin kasuwa, da niyyar in tambayi abin yi. Kafin in gama bayani ya ɗauko mini sabuwar risiba, ya nuna mini wani ɗan rami a gefenta. Ya ce idan aka soka filas a wurin, wato ɗan abin nan na ajiye hoto da murya, risibar za ta naɗi duk abin da ake nunawa, a sake kallonsa duk lokacin da aka ga dama, ko da an cire wayar dish. Na saya. Ina kan babur a hanyar gida dabarar ta zo mini, kuma ban ɓoye ba, daɗi na ji da ta zo.

Ranar Alhamis na naɗi awa uku na tashar Makka, tun daga kiran sallar magariba har bayan isha'insu. Ranar Asabar na zare wayar ɗakin Inna daga tsohuwar risiba na ɗaura a sabuwar, na kunna mata abin da na naɗa. Ni kuma na kama ƙwallo a tsohuwar. Ƙanena ya shigo ya ga yadda na haɗa wayoyin, ya riƙe baki.

“Yaya, wallahi da ka yi boko mai zurfi da an shiga uku a ƙasar nan.”

Muka yi dariya. Da yamma na je na ce wa Inna na gyara mata matsalar. Ta ɗaga hannu ta sa mini albarka, doguwa, har da 'ya'yana da jikokin da ban samu ba tukuna. Na ce amin. A cikin duk abin da na yi, wannan amin ɗin ce ta fi ci mini rai idan na tuna.

Asabar huɗu ta wuce lafiya. A ta biyar, ana tsakiyar wasa, matata ta ɗaga labule ta ce Inna tana kira. Na ce in an tafi hutun rabin lokaci zan je. Ta ce, “Cewa ta yi yanzu.”

Na tarar da ita a kan tabarma. Ta nuna mini gefenta, na zauna.

“Dubi nan. Yanzu za ta fito.”

A talabijin an idar da salla, mutane sun koma ɗawafi. Can sai ga wata tsohuwa a keken guragu, da koren mayafi, wani dogon saurayi yana tura ta.

“Carbinta zai faɗi,” in ji Inna.

Carbin ya faɗi. Saurayin ya tsaya, ya sunkuya ya ɗauko ya miƙa mata.

“Sati biyar ke nan baiwar Allahn nan tana yar da carbinta a wuri ɗaya. Liman ma bai canza sura ba, inda ya yi tari a satin farko nan yake yi har yau. Kai, a gidan malamai aka haife ni. Idona ne ya rage, kunnena yana nan.”

Na sunkuyar da kai. Na faɗa mata komai, tun daga Asabar ɗin farko, da ƙaryar girman dish, da filas ɗin. Ta saurare ni har na gama.

“Maganar rimot tun a Toranke na sani,” ta ce. “Na ga yara suna dannawa tasha tana canzawa. Na yi shiru in ga ko za ka faɗa da bakinka. Sai ka kawo mini wannan.” Ta nuna talabijin ɗin da carbinta. “Ni ba hoton ɗakin Allah nake nema ba, ga shi can a kalanda. So nake in san cewa ina nan zaune, su ma a wannan lokacin suna can a tsaye. In sun ce amin in ce amin tare da su. Sati biyar ina amsa wa mutanen da suka daɗe da komawa gidajensu.”

Ta miƙe da ƙyar, ta kashe talabijin ɗin, ta ɗauko wani tsohon zane ta lulluɓe shi. Ta ce in tafi. Na ce ta yafe mini, ta ce in tafi tukuna.

Kwana goma sha huɗu zanen nan yana kan talabijin. Ta ci gaba da amsa gaisuwata safe da yamma, tana cin abincin gidan, amma bayan la'asar ɗakinta shiru.

Na koma wurin mai shagon, wannan karon na bar shi ya ji bayanina har ƙarshe. Ya yi dariya har da buga tebur, sannan ya ce abin mai sauƙi ne. Akwai wani abu kamar kofi a bakin dish, shi ke karɓar sigina, namu mai baki ɗaya ne. Idan aka sa mai baki huɗu, kowane ɗaki zai ja wayarsa kai tsaye daga sama, da risibarsa, ba ruwan wani da wani. Ya ce zai zo ya haɗa mini. Na ce ya zo, amma ya tsaya a ƙasa ya riƙa faɗa mini, ni zan hau.

“Malam, ka taɓa hawa rufi kuwa?”

“Na taɓa hawa rumbu.”

“To Allah ya tsare mana ƙashinka.”

Yini biyu muka yi. Na koyi fere bakin waya ba tare da na yanke zaren ciki ba, bayan na ɓata guda shida. Na koyi juya dish a hankali, kamar faɗin ɗan yatsa, yana ƙasa yana kallon ma'auninsa yana cewa in ƙara, in rage, in tsaya. Tsohuwar wayarmu a kan katanga kawai take kwance, rana ta ci ta, ɓeraye sun taɓa ta. Sabuwar a cikin bututun roba na zura ta, na bi gindin katanga da ita, na kafe ta da ƙusa duk taku biyu. Inda ta shiga ɗakin Inna na lanƙwasa ta ƙasa kafin ta shiga ramin, don ruwan sama ya ɗiga a waje kada ya bi ta ciki. Wannan ba mai shagon ne ya koya mini ba, ni na lura da yadda ruwa ke bin igiyar shanya. Da ya gani ya ce zai riƙa yin haka a aikinsa. Batirin solarmu ma na sake masa tsari, layin ɗakin Inna ya zama na farko, in caji ya yi ƙasa nawa ne zai fara mutuwa.

Risibar mai naɗi na kai ta ɗakin ƙanena. Matarsa ta daɗe tana ƙorafin girki yana sa ta rasa fim, yanzu tana naɗa ta kalla bayan ta sauke tukunya. Ni na riƙe tsohuwar. Ta Inna kuwa sai da na aika matata ta tambaye ta irin wadda take so. Amsar da ta dawo da ita ita ce, “Wadda ba ta iya ajiye komai.” Muka sha wahala kafin a samo irin wannan, domin kusan duk na yanzu da ramin filas suke zuwa. Da aka samo, na zauna na goge tashoshi sama da ɗari, na bar mata uku: Makka, Madina, da wata ta wa'azi da Hausa. Matata ta ɗiga jan farce a kan maɓallin kunnawa da na canza tasha, don yatsan Inna ya gane su ko ba ta gani sosai.

Ranar Juma'a na gama. Na kai mata rimot ɗin da hannu biyu. Ta karɓa, ta shafa wurin jan farcen, ta tura shi ƙarƙashin filo. Zanen bai motsa ba.

Ranar Asabar bayan la'asar ta aiko a kira ni. Ƙanena ya riga ya shiga ɗakina ya kama wasa. Na tarar ta yaye zanen da kanta ta ninke shi.

“Zauna nan inda zan riƙa ganin hannunka.”

Na zauna, na ɗora hannuwana biyu a kan gwiwa. Ta danna, talabijin ya kawo. Ta danna ɗayan maɓallin, Madina ta fito. Ta sake dannawa har ta zagayo Makka. Ta yi haka sau uku, ina jin yadda numfashinta yake sauka. Sannan aka tada salla. Ta karkata kunne, ta rufe ido har liman ya kai ƙarshen Fatiha. Masallacin ya ɗauki amin, ita ma ta ce amin, a hankali. Ya shiga sura, ta saurara har ya yi ruku'u.

“Wannan limamin ban taɓa jin muryarsa ba,” ta ce. “Sabo ne.”

Muka zauna har aka sallame. Daga ɗakina ƙanena ya kurma ihu, irin na wanda aka ci ƙungiyarsa. Inna ta juyo ta dube ni.

“Na yafe maka, duniya da lahira. Aikin ma ya yi kyau, hoton ya fi na da haske.” Ta gyara rimot ɗin a cinyarta. “Tashi ka je, da alama ana ba ku kashi a can.”

Na tashi. A bakin ƙofa na tsaya na dubi farin bututun da ya bi gindin katanga, miƙe sak tun daga ɗakinta har ƙarƙashin dish, babu inda ya karkace. Damina huɗu ke nan ban taɓa shi ba, kuma tun daga ranar ban sake sanin abin da ake kallo a ɗakin Inna ba sai in na shiga gaishe ta.